Tsofaffin Kuɗin Da Muka Gada: Kafin A Wanke, Kafin A Sayar

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, unguwar Madaki, Gombe



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da wasu za su ce wasan yara ne, wato tara tsofaffin kuɗin ƙarfe. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya, sai kuma abin da zaman rumfa ya koya mana. Saboda haka ba lacca za mu yi muku ba, hira ce irin ta 'yan'uwa, wanda ya fi mu sani a cikinku ya ƙara mana.

Kusan kowane tsohon gida a unguwar nan, in dattijo ko dattijuwa ta rasu aka zo buɗe adaka, a can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa da takardun fili, sai a tarar da wani gwangwanin Bournvita ko ƙullin tsumma mai nauyi. A kwance, sai ga kwabbai masu huji, da aninai, da sulalla sun yi baƙi. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja suka zauna a Gombe, fatauci ne ya kawo yawancinsu, kuma bafatake ba ya rabuwa da ƙullin kuɗi. To, me ke faruwa da ƙullin nan bayan sadakar uku? Wani gidan yara ne za su kwashe su yi ta wasa har su ɓace cikin rairayi. Wani gidan a miƙa wa ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli tare da tsohuwar tukunya. Wani gidan kuma, wanda shi ya fi ba mu tsoro, ɗaya daga cikin magada ne zai sunne gwangwanin a aljihu don ya ji ana cewa kwabo mai huji miliyoyi yake yi. Shekara ta zagayo magana ta fito, zumunci ya lalace a kan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Don haka kafin mu je ga sha'awa, bari mu fara da hakki. Gwangwanin nan dukiyar mamaci ce, gado ne kamar gida da gona da keken ɗinki. Mace tana da rabonta a ciki, maraya yana da nasa, ko da kuɗin sun daina tafiya a kasuwa tun kafin a haife shi. Wanda yake sha'awar ya fara tarawa da abin da mahaifinsa ya bari, hanyarsa a fili take: a zazzage su gaban shaidu, a ƙirga, a rubuta, a yi musu ƙima, sa'an nan ko dai a sa su cikin rabonsa, ko ya biya sauran, ko kuma su yafe masa da bakinsu. In da yaro ƙarami a cikin magada, ba mai ikon yafe nasa. Malamanmu suna nan zaune, sun fi mu sanin wannan babi. Mu abin da muke roƙo kawai, kada a ce ai tarkace ne a tsallake shi ranar rabo.

To an ƙirga, an rubuta. Yanzu me ke hannunmu?

A baza tabarma, a shimfiɗa farin ƙyalle, a zuba su, a fara warewa. Wani lokaci za a ga 'yan wuri a ciki. Kada a zubar da su, don su ne kakannin kuɗi. Ita kanta kalmar kuɗi, asalinta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso su, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar, su bi ta hannun fatake har su iso ƙasar Hausa. Kakanninmu suna ƙirga su da zangu da zambar, dubu ashirin kuma shi ne keso guda. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. Ku duba wahalar mai sayen doki a wancan zamani, sai ya ɗauki 'yan dako su ɗauko masa kuɗin. Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, amma ya daɗe yana yawo a kasuwannin ƙauye bayan haka.

Abin da ya fi yawa a gwangwanayenmu shi ne kuɗin Turawa masu huji. An fara buga su a 1907, shekara huɗu ke nan bayan yaƙin Burmi da aka yi a nan ƙasar Gombe. Anini da kwabo aka fara fitarwa, ɗari kuma, wato sisin kwabo, ya biyo baya a 1911. Samarinmu ba su san lissafin ba, bari mu faɗa musu: anini goma kwabo ɗaya, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai, kwabo goma sha biyu sule, sule biyu fataka ko dala, sule ashirin fam guda. Fam ɗari kuwa ita ce jaka. Aninin farko na alminiyam ne, mara nauyi kamar ganye, bai jure ba, sai a 1908 aka koma yin sa da gamin jan ƙarfe da nikel. Wanda ya sami na alminiyam ɗin a gidansu bai ci ba bai lalace ba, to ya riƙe shi da kyau. Ku tuna fa, sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan Doma, bayan Gombe Abba da Nafaɗa. Ke nan aninin 1908 ya girmi kasuwar garin nan da duk unguwanninmu.

Ku ɗauki ɗaya ku duba da kyau. Hujin nan na tsakiya an yi shi ne don a zura zare a yi jere, yadda mutane suka saba ajiye ƙananan kuɗi. Saboda hujin, ba inda za a sa hoton sarki, sai kambi da sunansa kawai. A ƙarƙashin hujin, a kan waɗanda suka daɗe, za ku ga rubutun Larabci yana faɗin darajar kuɗin: a kan kwabo wahid, a kan ɗari nusuf, a kan anini ushur. Duk ɗan Islamiyya zai karanta. Ashe rubutun da ake ta gardama a kansa a jikin takardun naira ba jiya ya fara hawa kuɗin ƙasar nan ba. A ɗaya gefen kuma akwai tauraro mai tsini shida. Mun ji wasu yara suna cewa tambarin Isra'ila ne. A'a, kwabon nan ya riga kafa ƙasar Isra'ila da shekara arba'in. Alama ce da aka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, tana jikin tsofaffin kuɗin Maroko, kuma ita ce ke kan tutar Nijeriya ta zamanin Turawa daga 1914 har zuwa samun mulkin kai.

Na 1907 zuwa 1911 akwai sunan Nijeriya a jikinsu tare da na Afirka ta Yamma. Daga 1912 aka cire sunan Nijeriya, domin a shekarar ce aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya don ƙasashe huɗu: mu, da Gwalkwas wadda ta zama Ghana, da Saliyo, da Gambiya. Shi ya sa ɗan goro zai tashi daga Kano ya je Kumasi da sulen da ke lalitarsa, ba ruwansa da ɗan canji.

Yanzu ga inda kuɗi na gaske yake, a saurara da kyau. A 1913 hukumar nan ta fitar da taro da sisi da sule da fataka. Sule da fataka suna da hoton bishiyar kwakwar manja. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kusan tsantsa, kashi 925 cikin dubu. Mu 'yan Gombe muna da hanya mai sauƙi ta riƙe wannan: shekarun da hedikwata ta yi a Nafaɗa, su ne shekarun sulen azurfa. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, kafin shekarar ta fita ma aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka sule biyu za su zo hannunka, hoto iri ɗaya, sarki ɗaya, amma na 1916 azurfa ne, na 1926 tagulla. Sulen azurfa nauyinsa giram biyar da ɗigo shida, fataka ninkinsa. In an tarar da sulen Ingila kanta a ciki, mai hoton Sarauniya Biktoriya ko na sarakunan bayanta, shi ma ƙa'idarsa kusan haka take: kafin 1920 azurfa mai kyau, daga 1920 zuwa 1946 rabi, daga 1947 babu ko ɗigo, fari ne kawai.

Dalilin da ya sa na azurfar suka yi ƙaranci a hannunmu ba ɓoyayye ba ne. Maƙeran fari sun narke su tuntuni, sun zama zobba da awarwaro da kayan adon doki. Waɗansu an huda su mata sun yi ado da su a kitso, musamman 'yan'uwanmu Fulani. Su kuma kwabbai masu huji, da aka daina karɓarsu sai kafintoci suka mai da su matashin ƙusa wajen buga kwanon rufi, aninai kuma teloli suka yi maɓalli da su. Har yau maɓallin riga anini muke ce masa, haka ma wanda ke kafaɗar hafsan soja.

Akwai kuma babban nan mai nauyi, mai hoton wata mace da lulluɓi a gefe guda, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Shi ne liyari, mutanen Barno suna ce masa gursu. Matar sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, Mariya Tereza. Giram ashirin da takwas ne, azurfarsa kashi 833 cikin dubu. Ta hamada ya riƙa shigo mana, daga Tarabulus da Masar. Duk wanda ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780, kuma a nan ne mutane suke ruɗuwa, mutum ya ce yana da kuɗin da ya shekara ɗari biyu da arba'in. Ba lalle ba ne. 1780 shekarar da matar ta mutu ce. Da yake Larabawa da Habashawa da mutanenmu sun yarda da shi a haka, ba sa karɓar wanda aka canja wa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a taɓa ta ba. An buga shi a Roma da Landan da Faris da Bombay a ƙarnin da ya wuce, a birnin Biyana kuwa ba su daina ba. Ƙimarsa dai ita ce azurfar da ke jikinsa, kuma ba kaɗan ba ce. Wanda Allah ya sa ya gaji da yawa, ya sani liyari wajen ashirin da shida sun kai nauyin dirhami ɗari biyu na azurfa, wato nisabi, sai ya nemi malami a kan maganar zakka. In kuma musanya za a yi, azurfa da azurfa, to a tuna da sharaɗin da shari'a ta sa na daidaiton nauyi da hannu da hannu.

Mu dawo kusa. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, ya fitar da kuɗinmu na kanmu. Kwabo da ɗari suna nan da hujinsu da tauraronsu, amma na jan ƙarfe. Sisi yana da koko, sule ganyen kwakwa, fataka gyaɗa. Taro kuwa, mai kusurwa goma sha biyu, auduga ce a jikinsa. Mu a nan wannan taron namu ne, don auduga ce ta gina Gombe, ita ta jawo iyayenmu da yawa, har yau ga unguwar BCGA tana ɗauke da sunan kamfanin gurzarta. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ta zama naira biyu. Mu da muka tashi a wannan zamani mun ci gaba da ce wa kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, naira ɗari biyu jaka. Rabin kwabon 1973 shi ma auduga ce a jikinsa, kwabo ɗaya rijiyoyin mai, kwabo ashirin da biyar gyaɗa. Sai naira ɗaya ta ƙarfe mai hoton Herbert Macaulay a 1991, da naira biyu mai launi biyu a 2007. Waɗannan na baya ba su da tsada ko kaɗan, amma a ajiye masu kyau daga cikinsu. Akwai yaran da suka yi aure yanzu ba su taɓa sayen komai da kuɗin ƙarfe ba.

Abin da muka fi jin daɗin gani a gwangwani shi ne baƙin kuɗi, wato na wasu ƙasashe, don su ne suke ba da labarin inda mai su ya taka. In ka ga kuɗin Faransa da na Sudan da riyal ɗin Saudiyya na azurfa a ƙulli ɗaya, to ka san kakanka ta ƙasa ya tafi Makka, ta Chadi da Sudan ya ƙetare Bahar Maliya, tafiyar da wasu suke shekaru a kanta. In ka ga mai hoton Nkrumah na 1958, ka san an yi fataucin goro a gidan. Na Larabawa shekarar Hijira ce a jikinsu, da lambobin da muka koya a Islamiyya. Lissafinta ba wuya: ka cire kashi uku cikin ɗari na shekarar, ka ƙara 622. Alal misali riyal mai 1354, in ka yi haka zai ba ka 1935.

Jama'a, ga roƙonmu mafi girma a yau: don Allah kada a wanke su. Mun san halinmu, ba ma son ganin abu ya yi duhu. Hannu yana ƙaiƙayi a ɗauko toka da lemon tsami, ko tsamiya, ko yashi da soson ƙarfe, ko Brasso, a dirje shi ya yi wal. To wannan ƙyallin shi ne mutuwarsa. Duhun da ya hau tsohon kuɗi a hankali cikin shekara tamanin, masu saye na gaske shi suke nema, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. In ka dirje, ka kankare fatar ƙarfen, ka bar ƙananan zane-zane da ba sa gyaruwa har abada, kuma duk wanda ya san abin da kallo ɗaya zai gane. Mu 'yan kasuwa mun san yadda darajar shadda take faɗuwa in ta sha ruwa sau ɗaya. Wannan ya fi haka. In ƙasa ce ta manne, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ya bushe sarai, ba gogewa. A riƙa kama shi ta gefe, don gumin yatsa yana barin tabo. Wanda ya fara yin kore kamar garin kuka, a ware shi daban kada ya shafi sauran.

Wajen ajiya kuma, gwangwani ɗaya da suke ta gogar juna ba wurin zamansu ba ne. Kowanne a yi masa 'yar ambulan ta takarda, a rubuta lamba a bayanta. A guji leda mai taushi, tana gumi, kuma da daɗewa tana sa ƙarfe ya yi kore. A nisanta su da danshin damina, kada a ajiye a ƙasa ko jikin bango. Kada a huda, kada a kai wa mai walda ya liƙa masa kunne don a rataya.

Kayan aikin mai farawa ba su da yawa: gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, da littafin rubutu mai kauri. Sikeli kuwa, a roƙi masu sayar da zinari su auna maka. A littafin za ka rubuta lamba, da sunan kuɗin, da shekararsa, da sarkin da ke jiki, da yanayinsa, ko ya side ko rubutunsa yana nan raɗau, sa'an nan daga hannun wa ya fito. Da gilashin nan za ka nemi wani ɗan ƙaramin harafi a jikin kuɗin Turawa. H yana nufin an buga shi a masana'antar Heaton ta Birmingham, KN ta King's Norton, SA ta Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuma gidan buga kuɗi na Landan ne. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, wani an buga shi da yawa a wuri guda, ɗan'uwansa kaɗan aka buga a wani wurin, kuma wannan ɗan harafin ne yake raba farashinsu.

Wannan ya kawo mu ga maganar da kowa yake jira, nawa za a samu? Gaskiya ɗaya ce: yawancin abin da ke gwangwanayenmu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada, ƙaranci ne yake sa shi, da kyan yanayi, da samun mai so. Kwabban nan miliyoyi aka buga. Ga misali mai daɗi. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya sauka a Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan an saki anini da ɗari da kwabo, an rubuta EDWARDVS VIII. Mai jin wannan labari zai ce ya tsinci dami a kala, alhali suna da yawa ƙwarai, kusan duk mai tarawa yana da su. Wanda yake da wuyar samu shi ne irin wanda aka yi kuskure wajen bugawa, aka haɗa gaban wani da bayan wani, kamar kwabo mai sunan wannan Edward ɗin amma shekararsa 1945. Irin wannan sai mai duba da gilashi yake gane shi. Yaranmu za su iya duba mana a intanet, amma su lura: kuɗin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka sallama daban. A nemi na biyun.

Saboda rashin sanin nan ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Salonsu ɗaya ne ko'ina. Wani zai zo ya ce akwai Bature ko Balarabe a Abuja yana sayen kwabo mai huji na shekara kaza a kan miliyoyi. Kwana biyu sai wani daban ya ɓullo yana da irinsa, yana neman dubu ɗari biyu saboda matsuwa. Kai kuma kana lissafin riba, ka saya, daga nan wayar duka biyun ta daina shiga. Wani salon kuma su ce sai ka biya kuɗin gwaji, ko kuɗin wani sinadari da za a wanke shi da shi. Akwai masu cewa akwai wani jan sinadari a cikin tsohon ƙarfe mai jawo kuɗi ko aljanu. Wannan tatsuniya ta yi tashe a Saudiyya a 2009, har mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsadar hauka, ba wanda ya sami komai a ciki. Mai saye na gaskiya ba ya cewa ka fara ba shi kuɗi. Akwai jabun liyari kuma. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, in ya kama to ƙarya ce, amma rashin kamawar ba hujja ba ce, don tagulla ma ba ya kama ta. Sai an haɗa da nauyi, da kuma amon da azurfa take yi in an ɗan ƙwanƙwasa ta, mai tsawo kamar ƙararrawa. Daɗin daɗawa, wanda ya haƙo wani abu a kufai ko tsohuwar ganuwa, ya sani akwai dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. A tambaya kafin a shiga matsala a filin jirgi.

To in ba kuɗi ne a ciki ba, me za a tara? A ganinmu mai farawa kada ya ce komai yake so, zai gaji. Ya zaɓi layi ɗaya. Mafi sauƙi shi ne kwabo ɗaya na kowane mai sarauta: Edward na Bakwai, Joji na Biyar, Edward na Takwas, Joji na Shida, da Sarauniya Elizabeth. Guda biyar ke nan, sun ɗauko tarihi daga 1907 zuwa 1958, kuma mai yiwuwa uku suna cikin gwangwaninka tun yanzu. Ko ya haɗa shidan nan na 1959, daga ɗari zuwa fataka. In ya cika wannan sai ya shiga bin shekara-shekara. Abin da ya maimaitu a hannunka shi ne jarinka: kana da kwabon 1952 guda goma, maƙwabcinka yana da taro uku, ku yi musanya, ba wanda ya fitar da ko sisi. Wanda harka ta kai shi Abuja ya nemi ganin gidan tarihin kuɗi na Babban Banki, na Kano ya leƙa Gidan Makama, na Jos ma akwai gidan tarihi tun 1952. Ido yana koyon abin da kunne ba ya koya.

Shafin da ya fi kowanne muhimmanci a littafin nan shi ne na labari, kuma shi ne wanda lokaci yake ƙure mana a kansa. Shekarar kuɗi da harafinsa ko bayan shekara hamsin jikanka zai iya karantawa. Amma wa zai gaya masa cewa fatakar nan tana cikin sadakin kakarsa, ko sulen nan shi ne ribar farko da kakansa ya ci a cinikin auduga, ko riyal ɗin nan canjin da ya rage ne a Jidda? Waɗanda suka kashe sule da taro da hannunsu, suka biya haraji da su a zamanin En'e, suka shiga jirgin ƙasa da su lokacin da dogo ya iso Gombe, yau mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. Ga su nan a cikinmu, wasu a layin gaba, wasu a cikin gida ba sa fitowa. A ɗauki gwangwanin a je gaban Hajiya ko Baba a zauna, a miƙa musu ɗaya-ɗaya. Za ku sha mamaki, tsohuwar da ba ta cika magana ba in ta riƙe taro a tafin hannunta sai ta ba ku labarin awa guda, da sunayen mutane da na garuruwa da ba ku taɓa ji ba. A rubuta yadda ta faɗa, da ranar da ta faɗa. Iyayenmu mata sun fi maza riƙe irin wannan, kuma galibi su ne ma suka adana kuɗin.

Muna ba shugabanni shawara, in sun amince, a taro mai zuwa duk mai gwangwani a gida ya zo da shi bayan ya nemi izinin 'yan gidansu. Za mu kawo gilashi da ambulan, za mu roƙi ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu masu sayar da zinari ya zo da sikeli, samari masu kyan rubutu su riƙe littafi. Ba saye ba sayarwa a ranar, dubawa ce kawai da rubutawa, kowa ya koma da kayansa cif yadda ya zo da su.

Shugaba, mun ga ana duba agogo, la'asar ta gabato. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana, ya sa albarka a kasuwanninmu.